Cikon ƙashi da ake yi daga tsirrai: abin da ya tabbata da abin da ake kan gwadawa

Ƙashi yana cikin sassan jiki ƙalilan da ke iya gyara kansu su koma yadda suke. Idan ya karye, aka daidaita ɓangarorin biyu aka hana su motsi, jiki ne ke ƙarasa aikin. A babban mutum hakan yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, yaro kuwa ba ya kaiwa haka. Matsala tana tasowa ne idan wani yanki na ƙashin ya tafi gaba ɗaya, aka bar giɓi a tsakani. Ƙaramin giɓi jiki zai iya cike shi. Amma idan ya wuce kimanin santimita 2 zuwa 3 a dogon ƙashi kamar na ƙwauri, da wuya ya haɗe da kansa, ko da an shekara ana jira.

Irin wannan giɓi yana samuwa ne bayan mummunan hatsarin mota ko babur, ko harbin bindiga, ko kuma idan ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashi har wani ɓangarensa ya mutu aka cire shi, abin da ake yawan gani ga masu ciwon sikila da waɗanda karayarsu ta huda fata aka makara zuwa asibiti. Haka nan idan aka yanke ƙari a muƙamuƙi, ko cutar noma ta ci ƙashin fuskar yaro. Ko cire haƙori ma yana sa ƙashin dasashi ya zaizaye a hankali, har a rasa inda za a kafa haƙorin dashe.

A nan ne likita zai yi maganar ciko. Daga cikin abubuwan da masu bincike ke gwadawa don wannan aiki akwai waɗanda aka samo daga tsirrai: itace, ’ya’yan itatuwa, sitaci, da ciyawar teku. Kaɗan daga cikinsu sun kai ga jikin majiyyata, akasarinsu kuwa suna ɗakin gwaje-gwaje har yanzu. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake maganin sha ko na shafawa.

Me ake buƙata daga ciko?

Kusan kaso biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma’adini ne da ya haɗa kalsiyam da fosfet, wanda masana ke kira haidiroksi’afatait. A wannan maƙala za mu kira shi ma’adinin ƙashi. Shi ne ke ba da tauri. Sauran kuwa ruwa ne da wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajin, wanda ke hana ƙashi tarwatsewa kamar kasko idan ya bugu. Bayan ƙashi yana da tauri a cure, cikinsa kuma, musamman kusa da gaɓoɓi, ramuka ne kamar soson wanka. A cikin ramukan nan ɓargo da jijiyoyin jini suke. Akwai ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi da masu rushe tsohonsa, kuma aikinsu ba ya tsayawa muddin mutum yana raye.

Ciko ba ya zama ƙashi da kansa. Aikinsa kamar na danga ne da yaɗon kabewa ke bi: yana ba ƙwayoyin ginin ƙashi wurin kamawa su tsallaka giɓin. Don haka sai ya kasance da ramuka masu buɗewa cikin juna, faɗinsu aƙalla milimita 0.1, an fi son su kai 0.3, saboda jijiyoyin jini su samu hanyar shiga. Wannan batu na jini shi ne ginshiƙin komai, domin ƙwayar halittar da ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kimanin milimita 0.2 ba ta samun isasshiyar iska da abinci, sai ta mutu. Bayan haka ana so ciko ya kasance bai da guba, garkuwar jiki ba ta yaƙe shi ba, yana da ƙarfi gwargwado, kuma ya riƙa narkewa daidai da yadda sabon ƙashi ke maye gurbinsa. Idan ya narke da wuri giɓin zai dawo. Idan ya ƙi narkewa zai tare wa sabon ƙashi wuri.

Hanyoyin da ake bi a yanzu

Har yau babu cikon da ya kai ƙashin majiyyaci na kansa. Yawanci ana ɗibarsa daga bakin ƙashin ƙugu, a wasu lokuta kuma a ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa. Ya zo da komai: ramuka, ƙwayoyin halitta masu rai, da sinadaran da ke umartar su su yi gini, kuma jiki ba ya ƙin abin da yake nasa. Aibinsa shi ne sai an yi yanka na biyu, wurin da aka ɗiba yakan yi ciwo na makonni, wasu ma na watanni, sannan abin da za a iya ɗiba yana da iyaka, balle a jikin ƙaramin yaro.

Akwai ƙashin wani mutum da aka tsarkake aka adana a bankin ƙashi, amma irin waɗannan bankuna ba su yawaita a ƙasashenmu ba. Akwai ƙashin dabba, galibi na saniya, wani lokaci na alade ko doki, da aka ƙone duk wani nama da furotin da ke cikinsa aka bar ma’adinin kawai. Likitocin haƙori sun fi amfani da shi. Akwai kuma wanda aka haɗa a masana’anta daga kalsiyam da fosfet, ko wani gilashi na musamman mai mannewa da ƙashi da Larry Hench ya ƙirƙira a Jami’ar Florida ta Amurka a 1969.

Idan giɓin babba ne, hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko ita ce ta Gavriil Ilizarov, likitan Tarayyar Sobiyet da ya yi aiki a garin Kurgan: ana yanka ƙashin a wani wuri mai lafiya, a ɗaura ƙarafa daga waje, a riƙa jan gutsuren milimita 1 kowace rana, sabon ƙashi yana fitowa a bayansa. Ta biyu ita ce ta likitan Faransa Alain Masquelet: ana cike giɓin da simintin ƙashi na mako 6 zuwa 8 har jiki ya yi wa simintin wata fata mai yalwar jini, sannan a cire simintin a zuba ƙashin majiyyaci a cikin fatar.

Me ya sa aka waiwayi tsirrai?

Dalili na farko shi ne siffarsu. Tsiro ma yana buƙatar kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, don haka jikinsa cike yake da ƙananan bututu da ramuka masu haɗe da juna, irin tsarin da injiniyoyi ke shan wahala kafin su kwaikwaya. Na biyu, tsirrai suna da araha kuma ba sa ƙarewa. Na uku, cututtukan mutum da na dabba, kamar ciwon hanta ko cutar haukar shanu da ta tayar da hankalin Birtaniya a shekarun 1990, ba sa zuwa ta jikin tsiro. Ya kamata a faɗa dai cewa haɗarin ɗaukar cuta daga ƙashin mutum ko na dabba da aka sarrafa bisa ƙa’ida ƙanƙane ne ƙwarai. Dalili na huɗu ya shafi majiyyacin da addininsa ko zuciyarsa ba ta kwanta da a sa masa ƙashin gawa ko na alade ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa asalin abin da za a sa masa kafin ya sa hannu.

Waɗanda suka kai ga majiyyata

Mafi daɗewa shi ne wanda ake yi daga wata jar ciyawar teku mai tauri, wadda ke tara alli a jikinta. Masana ba sa lissafa ciyawar teku cikin tsirran ainihi, amma a wannan fanni tare ake haɗa su. Ana ƙone sassanta masu laushi, sannan a dafa allin da ya rage da sinadarin fosfet har ya rikiɗe zuwa ma’adinin ƙashi, ramukansa na asali suna nan. Rolf Ewers, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi da ya daɗe yana aiki a Biyana, babban birnin Ostiriya, yana cikin waɗanda suka fito da shi, kuma an shafe fiye da shekara 30 ana amfani da shi da sunan Algipore. Tsaki-tsaki yake zuwa, kuma aikinsa a baki ne: ƙara kaurin ƙashin muƙamuƙi kafin a dasa haƙori, ko cike gurbin haƙorin da aka cire. Yana narkewa a hankali cikin shekaru. Ba ya ɗaukar nauyi, don haka ba a haɗa karayar ƙafa da shi.

Na biyu shi ne na itacen ratan, wato sandar nan mai lanƙwasuwa da ake saƙa kujeru da kwanduna da ita. Idan aka yanka ta aka duba, za a ga bututu a jere suna bin tsawonta, kamar yadda hanyoyin jini ke bin tsawon dogon ƙashi. Wata tawagar masana a garin Faenza na Italiya, ƙarƙashin Anna Tampieri, ta wallafa hanyar mayar da shi ma’adinin ƙashi a 2009. Mataki biyar ake bi. Ana gasa itacen ba tare da iska ba har ya zama gawayi, a shigar masa da kalsiyam cikin tsananin zafi, a sarrafa shi da iskar oksijin, sannan da iskar kabon har ya zama alli, a ƙarshe a sa masa fosfet. Abin da ke fitowa fari ne fat, kuma babu sauran itace ko kaɗan a cikinsa. Siffar itacen kawai aka ara.

An fara gwada shi a ƙafafun tumaki, waɗanda nauyinsu da girman ƙashinsu suka yi kusa da na mutum. Daga baya kamfanin GreenBone Ortho ya fitar da shi da sunan b.Bone, ya samu izinin sayarwa a Turai, aka kuma gwada shi ga majiyyata, ciki har da a birnin Leeds na Ingila, inda aka cike da shi gurbin da aka ɗebi ƙashi a ƙugu. A ganina wannan shi ne mafi ban sha’awa a duk fannin, domin yana zuwa a dunƙule, ana iya sassaƙa shi daidai da giɓi. Sai dai adadin waɗanda aka yi wa aiki da shi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da miliyoyin da aka yi wa da ƙashinsu, kuma shi ma sai an tallafe shi da ƙarfe.

Akwai na uku da mutane da yawa ba su san asalinsa tsiro ba ne. Idan aka bar sukarin masara, rogo ko rake ya yi tsami, ana samun sinadarin laktik, wanda ake mayarwa wata irin roba mai narkewa a jiki. Da ita ake yin wasu kusoshi da ƙananan farantai na tiyatar fuska da gaɓoɓi, waɗanda ba sai an sake yanka don cire su ba. Suna ɗaukar watanni zuwa shekaru kafin su narke, kuma a wasu mutane tsamin da suke fitarwa yayin narkewa yana jawo kumburi a wurin.

Waɗanda ke ɗakin gwaje-gwaje

Labarin da ya fi yawo a kafofin sada zumunta shi ne na tuffa. A 2014 ɗakin binciken Andrew Pelling a Jami’ar Ottawa ta Kanada ya nuna cewa idan aka yanka tuffa aka wanke ta da wani sinadari mai aiki kamar sabulu, ƙwayoyin halittarta suna fita, a bar bangonsu kawai, wani farin abu mai ramuka da aka yi da selulos, wato zaren da auduga da takarda suka ƙunsa. Ƙwayoyin halittar dabba da na mutum sun zauna a ciki sun hayayyafa. A 2016 suka dasa shi ƙarƙashin fatar ɓeraye, jijiyoyin jini suka shiga cikinsa. Bayan haka su da wasu masana a Koriya ta Kudu sun shuka ƙwayoyin ginin ƙashi a kai, ƙwayoyin suka fara ajiye kalsiyam, aka kuma gwada shi a ƙananan ramukan da aka huda a ƙoƙon kan ɓeraye. An gwada karas, tattasai, gora da soso ta irin wannan hanya. A 2017 kuma masana a garin Worcester na Amurka suka tura ruwa ta jijiyoyin ganyen alayyafon Turawa da aka wanke, don nuna cewa za su iya zama hanyoyin jini. Su tsokar zuciya suka sa a gaba, amma masu binciken ƙashi ma sun ɗauki darasi.

Da sauran rina a kaba. Cikon tuffa ya fi ƙashi laushi fiye da sau dubu. Sannan jikin mutum ba shi da sinadarin narkar da selulos, shi ya sa dusar abinci ke wucewa ta hanji ba ta narke ba, don haka abin da aka dasa zai iya zama a wurin har abada. Ana iya sarrafa selulos ya riƙa narkewa, kuma likitocin tiyata sun daɗe suna amfani da wani ƙyalle irin wannan don tsayar da jini. To amma shi wannan ƙyallen, masu yin sa da kansu sun yi gargaɗin kada a bar shi a cikin karaya, saboda zai iya hana ƙashi haɗewa. Kasancewar abu daga tsiro yake bai sa ya zama alheri ga ƙashi ba.

Sitaci kuwa jiki yana iya narkar da shi, amma yana jiƙewa ya saki da wuri, don haka ake gauraya shi da roba mai narkewa. Masana a Jami’ar Minho ta Fotugal sun yi shekaru suna wannan aiki da sitacin masara. Aljinet, wanda ake tatsa daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, yana daskarewa kamar kamu idan ya haɗu da kalsiyam. Duk wanda likitan haƙori ya taɓa ɗaukar masa awon baki da wani abu mai laushi, ta yiwu da shi aka yi. A binciken ƙashi ana amfani da shi wajen ɗaukar ƙwayoyin halitta ko magani zuwa cikin giɓi, da kuma matsayin tawada a na’urar da ke buga abu mai siffa. Ana kuma gwada furotin na waken suya da na masara, fektin na ɓawon lemo, tokar ɓuntun shinkafa wadda ke da yalwar sinadarin yin gilashi, har da ƙaro, wanda Sudan, Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi. Wasu kuma suna cusa sinadarin kurkum ko na waken suya a jikin ciko, da fatan ya zaburar da ƙwayoyin gini.

Idan kuka ji an ce wani abu ya warkar da ƙashi a bincike, ku tambaya a jikin wa. Ramin da ake hudawa a kan ɓera ’yan milimita ne, a dabba mai ƙuruciya da lafiya, a wurin da ba ya ɗaukar nauyi kuma babu mugunya. Giɓin santimita 8 a ƙwaurin magidanci mai ciwon suga wani abu ne daban. Tsakanin gwajin ɓera da ɗakin tiyata sai an bi ta manyan dabbobi, sannan rukunin mutane kaɗan, sannan masu yawa, kuma akasarin abubuwan da aka fara da su ba sa kaiwa ƙarshen wannan tafiya.

Wannan ba maganin ɗori ba ne

Dole mu tsaya a nan, domin an fara jin masu tallan magani suna cewa Turawa ma sun koma ga itatuwa wajen gyaran ƙashi. Abin da ke faruwa ya saɓa da haka. Cikon da aka yi daga tsiro an raba shi da duk wani ruwa da furotin na tsiron, an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, an rufe shi a mazubi mai hatimi, kuma likita ne ke sa shi cikin ƙashi a ɗakin tiyata bayan ya kankare duk naman da ya mutu. Garin saiwa ko dakakken ganye da aka cusa a raunin karaya yana ɗauke da ƙasa da ƙwayoyin cuta, har da masu jawo ciwon sandarewar jiki. Da yawa daga cikin giɓin da ake neman cikewa a asibiti ta haka suka samo asali: karayar da ta huda fata, aka tura mata magani, ƙashi ya ruɓe.

Haɗari na biyu shi ne ɗaurin karare da ya matse. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwanakin farko. Idan ɗauri ya hana jini wucewa, tsoka tana fara mutuwa cikin sa’o’i kaɗan. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan yaran da aka yanke wa hannu saboda haka. Idan an ɗaure karaya sai ciwo ya riƙa ƙaruwa, yatsu suka yi sanyi, suka kumbura, suka yi fari ko baƙi, ko mutum ya daina jin su, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a wannan lokaci, ko da tsakar dare ne.

Idan likita ya ce sai an yi ciko

A manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, abin da aka fi dogara da shi shi ne ƙashin majiyyaci na kansa, da hanyoyin Ilizarov da Masquelet ga manyan giɓi. Wanda aka yi masa haka ba a rage shi da komai ba, mafi inganci aka ba shi. Cikon masana’anta, kowane iri ne, daga waje ake shigo da shi kuma da tsada. Ya fi amfani a ƙaramin rami da ƙashi ya kewaye, ko kuma a gauraya shi da ƙashin majiyyaci idan wanda aka ɗiba bai isa ba.

Kafin aiki, ku tambayi likita girman giɓin, da ko akwai sauran ƙwayoyin cuta a wurin, domin ba a sa ciko a kan mugunya. Ku tambayi daga ina za a samo cikon: jikinku, mutum, dabba, tsiro ko masana’anta. Idan na saye ne, ku nemi sunansa, da ko yana da rajistar hukumar NAFDAC ko takwararta ta ƙasarku. Idan aka ce sabon abu ne da ake gwadawa, sai an ba ku takardar bayani da ta amincewa, kuma kuna da damar ƙi ba tare da an daina kula da ku ba. Ku kuma tambayi aiki nawa za a yi, da yaushe za a fara taka ƙafar.

Nasarar kowane ciko ta rataya a kan jikin da aka sa wa. Taba sigari tana matse jijiyoyin jini, tana kuma cikin manyan dalilan da ke sa ƙashi ya ƙi haɗewa, don haka a bar ta tun kafin aiki. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa. A ci abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nama da nono. Kada a taka ƙafa kafin likita ya ba da izini, ko da ciwo ya tafi, domin ciko yakan ɗauki watanni kafin ya zama ƙashi mai ɗaukar nauyi, kuma hoton ƙashi ne ke nuna hakan. Zazzaɓi, ja da zafi a wurin ɗinki, ruwa ko mugunya mai fita, ko ciwon da ya dawo bayan ya lafa, duk dalilai ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.